Sauran Rabin Askin

Tun ranar da likita ya ce sai an yi wa idonsa na hagu aiki, Direba ya daina dariya. Mutumin da fasinja ke roƙo ya sarara musu da surutu, yanzu sai an yi masa magana sau biyu kafin ya amsa. Tsoro yake ji ƙwarai: in idon ya tafi, sitiyari ya tafi, to me za a ci a gidan?

Ranar da za a kwantar da shi a asibiti, ya ce wa matarsa bari ya je a rage masa gashi. Gaskiya ce, amma ba duka ba. Ƙungiyar ƙwallon da suke goyon baya na da wasa da yamma, shagon Mai Aski kuwa nan ake kallo, a wata tsohuwar talabijin da sai an mare ta take kawo hoto.

Shagon yana da doka guda: in ƙungiyarsu ta jefa ƙwallo, yadda kowa yake haka zai tsaya har a tashi wasa. Wanda ya motsa aka rama, shi ya jawo. An taɓa tsare wani mai walda a tsaye, takalmi ɗaya a hannu, har ƙafarsa ta yi tsami.

Injin aski ya share rabin kan Direba ke nan, matarsa ta leƙo da jakar kayan asibiti.

"Baban yara, ana jiranmu fa, kai kana nan ka..."

Ƙwallo ta faɗa raga! Shago ya kaure da ihu. Mai Aski ya sandare da inji a sama. Direba ya manta da ido, ya manta da likita, yana dukan hannun kujera yana ƙyaƙyata dariya har da hawaye.

"Yaya, don Allah kada ki motsa!" in ji Mai Aski. "Ƙafarki ce ta kawo ta!"

Sai a nan gaban Direba ya faɗi. Ya san matarsa: a wurinta ƙwallo haukan manya ce, ƙarti na bin fata a rana. Ya saci kallonta ta madubi, yana jiran faɗa. Ita kuwa ba talabijin take kallo ba, shi take kallo.

Ta gyara riƙon jakar, ƙafa ɗaya a ciki, ɗaya a waje.

"Waɗanne ne namu?" ta tambaya.

"Masu jar riga!" suka amsa baki ɗaya.

Haka ta tsaya a bakin ƙofa har alƙali ya hura tashi, ba a rama ba. Har tsaki ta yi sa'ad da wani mai jar riga ya ɓarar da ƙwallo a bakin raga.

Mai Aski ya kunna inji zai ƙarasa aikinsa, ta ɗaga masa hannu.

"Yaushe za su sake bugawa?"

"Sati mai zuwa, Yaya."

"To bar sauran. In ya dawo ya kalla da ido biyu, sai ka ƙarasa."

Direba ya dubi kansa a madubi, gefe ɗaya fes, gefe ɗaya daji. Ya kifa hula a kai, ya karɓi jakar daga hannunta, ya riga ta fita.