Tarbon Yaya Talal

Sai da masu zuwa gaisuwar rasuwar Talal suka ɗauke ƙafa sannan kwalin ya iso. Ƙanwarsa Hadil ce kaɗai a gidansu na unguwar Mansur, don mahaifiyarsu ta koma Jidda wurin babbar yayarsu. Mahaifiyar ta ce ba za ta iya wuni tana kallon ƙofar ɗakin Talal a rufe ba. Mai kawo saƙo ya karanta sunan marigayin a jikin kwalin, Hadil ta karɓa.

A ciki akwai wani ƙarfe mai kama da dodon koɗi, da bututai, da kusoshi cikin leda. Tarbo ne, abin da ake ɗaura wa inji don ya ƙara gudu. Nan take ta gane shi, domin Talal ya daɗe yana cika mata kunne da zancensa. Ɗan abin da ya tara a shagon turaren da yake tsaro ba zai isa abu biyu ba. Ko dai ya sayar da tsohuwar farar motarsa ya cika ya sayi wata ja mai ƙofa biyu, ta hannu, da ya gani a haraj, kasuwar tsofaffin motoci, ko kuwa ya ɗaura wa tasa tarbo. In suna cin abinci sai ya ce, "Ke a ganinki fa?" Ita kuwa ta ce mota ai mota ce. Ashe ya yanke shawara tun kafin ciwo ya kwantar da shi, bai faɗa wa kowa ba.

Ta tuƙa farar motar zuwa unguwar Hindawiyya, garejin Baba Mukhtaru, wani dattijo Bakano da ya saba gyara wa Talal ita. Ya buɗe kwalin, ya daɗe yana jujjuya ƙarfen a hannu.

"Allah ya jiƙan yaron nan," in ji shi. "'Yata, in gaya miki gaskiya? Injin nan ya tsufa. Zai yi gudu kam, amma zai riƙa zafi, kuma ba zai yi ƙarko ba. Haka na gaya wa yayanki. Ki sayar da motar har da kwalin, ki je ki duba jar can. Har yanzu ba a saye ta ba."

Ta je haraj ɗin. Motar tana nan, ƙasa-ƙasa, ja jawur. Ta shiga ta zauna, warin tabar wani da ba ta sani ba ya cika mata hanci. Dillalin yana ta yabon motar da Larabci, yana leƙa bayanta ko zai ga wanda ya rako ta.

"Ina mijinki ko ɗan'uwanki, mu yi ciniki?"

"Ni kaɗai ce," ta ce. Ta fito ta miƙa masa makulli.

Da ta koma gareji, Baba Mukhtaru ya dubi fuskarta, bai sake ba ta shawara ba. "Kalas, shi ke nan, a ɗaura," kawai ya ce.

Ranar da aka gama aikin, bayan la'asar ta ɗauki hanyar Arfa. Ba lokacin aikin Hajji ba ne, titin fayau, ba kowa sai bishiyoyin darbejiya a jere. Ta taka totur. Da farko ba ta ji wani bambanci ba, can sai inji ya saki wani siririn fito, motar ta zabura har bayanta ya manne da kujera. Dariya ta suɓuce mata, irin wadda rabonta da ita tun kafin a kwantar da Talal a asibiti. Ta ƙara takawa.

Ba ta yi nisa ba allurar zafi ta haye sama. Ta gangara gefen titi, ta kashe motar, ta ɗaga bonet, tururi ya taso. Ta kira mahaifiyarta.

"Umma, an ɗaura wa motar Yaya tarbon nan."

"An ɗaura mata me?"

"Wani abu ne da ya saya."

Umma ta ce, "Kin ci abinci kuwa?" Hadil ta ce ta ci. Suka yi sallama.

Wani mai tankar ban ruwan bishiyoyi ya tsaya. Da ya ji ta amsa sallamarsa da Hausa sai ya washe baki, ya ce shi mutumin Maraɗi ne. Ya cika mata jarka, ya ce kada ta taɓa murfin lagireto sai ya huce. Ta so ya ɗan ƙara tsayawa, amma aiki na jiransa, ya wuce.

Ta zauna a kan dakalin gefen titi, ta jingine jarkar a ƙafarta, tana jin ƙarfen inji yana ƙas-ƙas yana hucewa. Da ta taɓa murfin ta ji ya yi sanyi, ta zuba ruwan kamar yadda aka ce mata, ta tayar da motar. A hankali ta bi bayan wata bas ta ma'aikata har suka shiga gari.