Saura Kwana Huɗu Disamba

Tun a jirgin ƙasa daga Birmingham Scholastica take addu'ar da ba ta taɓa zaton za ta yi ba: Allah ya sa yau Baba ya rikice.

Council, wato ƙaramar hukuma, na ta zaftare kuɗin kula da tsofaffi, kuma yau za a turo ma'aikaciya gidansa a unguwar Longsight ta duba ko Baba Ɗantani ya cancanci matar da ke zuwa safe da yamma tana ba shi magani da abinci. Mutumin da ya sa takalmi a firji makon jiya, wai sai an gwada shi!

Ma'aikaciyar ta zauna, ta yi murmushin aiki. "Yau nawa ga wata, Mista Ɗantani?"

Baba ya gyara zama kamar yana gaban aji. Ya daɗe yana koyar da harshen Latin a makarantar horar da fada-fada, limaman coci, kusa da Jos, kuma duk abin da ciwon mantuwa ya kwashe, wannan bai taɓa ba.

"Kwana na huɗu kafin Kalanda ta Disamba," in ji shi.

Matar ta dubi Scholastica da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai jinyar taɓaɓɓe, ta ɗaga biro. Abin da ake nema ke nan fa. Abin da ya rage wa Scholastica kawai shi ne ta yi shiru.

Amma ta kasa jure kallon nan. Ubanta ne, wanda fada-fada ke tuɓe wa hula.

"Daidai ya faɗa," bakinta ya suɓuce. "Romawa ba sa ƙirga kwanakin da suka wuce, na gaba suke ƙirgawa, zuwa ɗaya ga wata. Kuma suna haɗawa da yau da ranar kanta. Yau ashirin da takwas ga Nuwamba, ki lissafa."

Matar ta lissafa da yatsu, fuskarta ta washe. "Kai, madalla! Ai ya fi ni sanin inda yake."

Ta yi rubutu, ta ce a ganinta zuwa sau ɗaya a mako ya wadatar. Scholastica ta kawo zancen firji, da gas da ya bari a kunne. Matar ta ce ta ji, tana zuge jaka.

Da ƙofa ta rufe, baƙin ciki ya turnuƙe Scholastica, ta rasa wanda za ta zaga sai kanta.

Baba ya taɓa hannunta, yana fara'a.

"Kin iya lissafin nan, yarinya. Sannu. 'Yar gidan wa ce ke?"