Akwatin Kifi Ba Ya Yoyo

Furannin orkid da wata ma'aikaciyar jinya ta shafe shekaru tana reno a cikin akwatin gilashi sun ruɓe gaba ɗaya a makon da ta tafi kwas. Mahaifiyarta ce ta kashe su, da ƙasa da ruwa da kyakkyawar niyya. Yanzu ana neman inda za a kai tsohuwar.

Abin ya faru ne a saman wani bene, a gida mai ɗaki biyu da falo. Auta, kamar yadda 'yan gidansu ke kiran ma'aikaciyar jinyar, ta daɗe a nan ita kaɗai. Akwatin na tsohon mijinta ne, kifi yake kiwo a ciki. Da auren ya mutu ya kwashe kifayensa a bokiti, ya bar mata gilashin saboda ya yi masa nauyin saukarwa. Ta wanke shi, ta shimfiɗa tsakuwa, ta ɗora raga a kai, ta jera ƙananan tukwanen roba masu huji cike da ɓawon itace. Ta sa doguwar fitila a sama, ta manna ƙaramar fanka a kusurwa, ta bar murfin a ɗan buɗe. Orkid ba ya son ƙasa. A daji jikin bishiya yake maƙalewa, saiwoyinsa a waje suna shan iska, kuma abin da Auta ta kwaikwaya ke nan. Kullum kafin ta tafi asibiti takan ɗan fesa musu ruwa da kwalbar feshi.

Mama ta zo gidan ne bayan ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. 'Ya'yanta biyu suka yanke cewa ba za ta sake zama ita kaɗai ba. Yaya, babban ɗanta, yana da mata da yara cike da gida. Ya ce a gwada wurin Auta tukuna, in bai yiwu ba sai ta koma wurinsa ta riƙa kwana a ɗakin yara. Mama ta ji wannan "tukuna" ɗin da kunnenta. Ita da matar Yaya kuwa gaisuwa ce kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

A tsohon gidanta Mama tana da lambu a bayan ɗaki, tumatir da barkono da albasa, har maƙwabta na zuwa roƙon iri. A benen ba ta da aikin komai. Auta ta hana ta girki saboda gas, ta hana ta shara saboda sunkuyo, ta hana ta wanki don akwai inji. Duk abin da ta miƙa hannu a kai sai a ce mata ta huta. Sai ta koma wuni a kujera tana kallon akwatin, kuma ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin shukar da ake kunna wa fanka ba. Ta tambaya ko ana cin ganyen, aka ce a'a. Ta tambaya ko magani ne, aka ce a'a.

"To me suke yi miki?"

"Fure suke yi, Mama."

"Yaushe? Tun da na zo ganye kawai nake gani, da saiwoyi a waje kamar yatsun majinyaci. Ke da kike jinyar mutane ki bar abu da yunwa haka?"

Auta ta yi dariya tana ɗaura takalmi, ta ce haka halittarsu take, kuma don Allah kada ta taɓa.

Ranar tafiyar, Auta ta ba maƙwabciyarsu makulli. A gaban Mama ta nuna mata yadda ake feshin, sau nawa za ta matsa kwalbar da nisan da za ta riƙe ta. Sai da ta gama wannan ta ƙara da cewa ta riƙa leƙa Mama ma. Washegari da maƙwabciyar ta shigo, Mama ta karɓe kwalbar ta ce ta je ta ji da yaranta, ita ta yi lambu tun kafin a haife ta. Maƙwabciyar ba ta yi musu ba.

Mama ta sa mai gadi ya hau mata da ƙasa bokiti-bokiti daga gindin bishiyoyin harabar gidan, har da ɗan taki. Ta yi aikin a tsaye, hannu ɗaya kan sanda. Ta cire ragar, ta zazzage ɓawon itacen a kwandon shara, ta cika akwatin da ƙasa kusan rabi, ta dasa su ɗaya bayan ɗaya a jere kamar yadda take dasa barkono. Duk saiwar da ta leƙo ta danna ta ƙasa. Ɗaya daga ciki, wata doguwar koriya da ta miƙe sama, ta ƙi lanƙwasuwa har ta karye, ita ma ta binne ta. Ta kashe fankar, ta rufe murfin ruf don kada su sha sanyi. Safe da yamma tana ba su ruwa da kofi.

Duk ƙasar da Mama ta sani tana shanye ruwa, kuma duk tukunyar da ta taɓa shuka a ciki tana da huji a gindi. Akwatin kifi an yi shi ne don kada ɗigo ɗaya ya fita. Ruwan ya taru a ƙasa yana hawa. Da ganyen suka fara zama ruwan ɗorawa sai ta ɗauka ƙishi ne, ta ƙara. Duk lokacin da Auta ta bugo waya Mama takan ce mata lafiya lau, kuma akwai abin da za ta gani in ta dawo.

Wari ne ya fara tarar Auta a bakin ƙofa, irin na kwata da ta toshe. Gilashin ya yi gumi, ba a ganin ciki. Ta ajiye jaka, ta ɗaga murfin, ta daɗe tana kallo.

"Mama, me kika yi?"

"Na gyara miki su. Ƙasa ce mai kyau. Sabon dashe yakan yi laushi haka kafin ya kama."

Auta ta ja guda ɗaya, ya taho a hannunta ba gardama, saiwoyin sun yi baƙi sun saki kamar jiƙaƙƙen zare. Na biyun ma haka. A ƙarƙashin na ƙarshe ta tono koriyar sandar da ta karye, da ƙananan ƙulle-ƙulle a bakinta. Ta ce wannan ba saiwa ba ce, sandar fure ce, kuma ita ce ta farko da wannan shukar ta fitar tun da ta saye ta.

"Ai ba ki faɗa mini ba," in ji Mama.

"Na ce kada ki taɓa."

"Komai na gidan nan kin ce kada in taɓa. Ta ina zan gane wanne ne na gaske?"

 Auta ta sa safar hannu ta asibiti, ta riƙa kwasar taɓon tana zubawa a leda tana sauka da shi. Mama ta tashi za ta riƙe mata bakin ledar, aka ce mata ta huta.

Bayan Auta ta wanke akwatin ta shiga kicin ta kira Yaya. Ƙofar kicin ɗin ba ta rufuwa sosai. Ta ce masa an ƙara mata aiki a asibiti, kuma hawa bene bai dace da ƙugun Mama ba, likita ma zai faɗi haka. Ba ta ambaci furannin ba. Yaya ya ce ta bari ya yi magana da uwar yara.

Mama ta haɗa kayanta da kanta ba tare da an ce ta haɗa ba. Suna cin abinci tare, suna gaisawa da safe, Auta tana ba ta magungunanta a kan lokaci. Da Yaya ya sake kira, ya ce matarsa ba ta ƙi ba, amma tana so ta san na wane tsawon lokaci ne. Har yanzu ba wanda ya ba ta amsa.