Minti Biyar a Gaban Kwamiti

A wurin aiki Sannu-sannu suke ce masa, don kalmar da ya fi faɗa ke nan. Shekara ashirin da uku yana zaune a ɗakin karɓar kiran gaggawa, teburi na uku daga ƙofa. Gobara, haɗarin mota, naƙuda, yaro ya haɗiye maɓalli, duk ta kunnensa suke bi. Mutum zai kira yana ihu, shi kuwa sai ya rufe ido ya ce, "Sannu-sannu. Ina kake?" Daga nan sai tambaya ta bi tambaya har a san abin da za a yi.

Ɗakin ba shi da taga. Tebura takwas ne, da kwamfuta takwas, da taswirar gari a bango wadda yatsu suka cinye tsakiyarta, da butar shayi da ba ta hutawa. Kujerarsa ta lotsa daidai jikinsa. Ko yana hutu ba mai zama a kanta.

A takardar gwamnati kuwa sunan aikinsu "mai haɗa waya". Layi ɗaya aka sa su da mai cewa "dakata in haɗa ka da manaja" a ofishin ruwa. Saboda wannan sunan ba a tura su horo. Direbobin motar asibiti suna zuwa kwas duk shekara, 'yan kwana-kwana ma haka. Su kuwa in an ɗauki sabo, sai a maƙala masa abin kunne, a zaunar da shi kusa da tsoho kwana uku, a ce Allah ya taimaka.

Shekara uku ƙungiyarsu tana bin majalisar dokoki a kan a gyara doka, a sa su cikin ma'aikatan agajin gaggawa, a wajabta musu horo. Shugabar ƙungiyar ita ce mai magana da motocin agaji ta oba-oba. Rediyo ake ce mata, don har yau ba a gano inda ake kashe ta ba.

Wata ranar Laraba Rediyo ta shigo tana kaɗa takarda.

"Kwamitin majalisa ya ba mu minti biyar ranar Talata," in ji ta. "Zamansu na ƙarshe ke nan kafin hutu. In ƙudurinmu bai wuce ranar ba, ya mutu, sai mu koma farko." Ta tsaya a kan Sannu-sannu. "Yaya, kai za ka yi magana."

"Ni?"

"Kai."

"Ke me ya sami bakinki?"

"Ni sun gaji da ni. Maigadin majalisa in ya hango ni bayan ƙofa yake ɓuya. Furfura suke so su gani."

"Gaskiya ne," in ji shi. "Minti biyar ma ba za su ishe ki gaisuwa ba."

Ɗaki ya ɗauki dariya. Ita ma ta yi, amma ba ta janye ba. Ranar Lahadi ta miƙa masa jawabi, shafi ɗaya cike da ƙananan haruffa, ta ce ya je ya gwada a gida.

Ya gwada. Matarsa ta zauna a doguwar kujera, babbar 'yarsa da ta zo ganin gida ta zauna kusa da ita, su ne kwamiti. Shi ya tsaya a gefen firiji da takarda a hannu.

"Mai girma shugaba," ya fara. Ya ɗaga kai. Ido huɗu ne a kansa. Nan take murya ta tafi.

Ya yi magana da mutane dubbai a rayuwarsa, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya ba. Murya ya sani. In ya ji numfashin mutum ya san ko a guje yake ko a durƙushe. Fuska kuwa ba ta gaya masa komai, sai dai ta ɗaure masa harshe.

"Malam, mu ne fa," in ji matar. "Ni na goge maka rigar nan da ke jikinka."

"Baba, daina kallonmu," in ji 'yar. "Kalli bango."

Ya kalli bango, ya karanta har ƙarshe da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Da ya gama sai matar ta dafa ƙirji.

"Wa ya rasu?"

"Ban son wasa."

"To ai ka ce ranar sadakar uku, mu san yadda za mu shirya."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Su suna ta dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya san mutum takwas na ɗakinsa, da na sauran garuruwa, duk a kan harshensa suka ɗora shekara ukun nan.

Ranar Talata suka isa da wuri, su bakwai har da na wasu garuruwa, kaya a goge. Ɗakin kwamitin yana da dogon teburi mai lanƙwasa, da robobin ruwa a jere, da makirufo a gaban kowa mai jar fitila. 'Yan majalisa tara ne. A gefe akwai akawu da agogo da 'yar ƙararrawa. Kafin su an saurari masu motocin haya, shugabansu yana tsakiyar magana aka buga masa ƙararrawa, ya zauna da sauran jawabinsa a baki.

Aka kira su. Sannu-sannu ya zauna a ƙaramin teburin da ke fuskantar kwamiti, Rediyo a bayansa. Akawu ya danna agogo.

"Mai girma shugaba, masu girma 'yan kwamiti. Mu ne muryar farko da mai neman agaji yake ji."

Layi biyu ya karanta. Sai ya yi kuskuren ɗaga kai. Ido goma sha takwas. Ya buɗe baki, babu komai. Ya sha ruwa. Ya sake buɗewa, babu. Ana jin ƙarar fanka.

"Yaya, karanta mana," Rediyo ta raɗa masa. "Ko da muryar ta'aziyyar ce, karanta."

Wani ɗan majalisa ƙaƙƙarfa, mai tabarau a goshi, ya danna makirufonsa.

"Bari in taimake shi, tunda ya rasa abin faɗa. Ni na taɓa kiran mutanen nan. Mahaifiyata ta faɗi, ina cewa a turo mota, wani ya tsaya yana jero mini tambayoyi kamar ɗan sanda. Su ne yanzu za a kira ma'aikatan agaji? Tsohuwa tana kwance a ƙasa, jini yana zuba, ni kaɗai a gidan, ina ihu, ina cewa ku zo, ku zo..."

Muryarsa ta hau, ta fara rawa. Ya fara da faɗa ne, amma yanzu ya koma wancan gidan.

Wannan muryar Sannu-sannu ya san ta. Ita yake ji tun safe har yamma. Bai san sa'ad da idonsa ya rufe ba. Hannunsa ya juya takardar jawabin, ya zaro biro.

"Sannu-sannu. A ina ta faɗi?"

Ɗan majalisa ya tsaya. "Me?"

"A ina ta faɗi?"

"A banɗaki. Amma ni ba..."

"Tana numfashi?"

"Malam, bara ne fa!"

Dariya ta ɓarke har bayan ɗaki. Rediyo ta rufe fuska da hannu ɗaya, ɗayan yana jan gefen rigarsa. A majalisa ba a katse ɗan majalisa. Akawu ya miƙe zai tsawata, shugaban kwamiti, wani dattijo siriri, ya ɗaga masa hannu ya zauna.

"Baran, tana numfashi?" in ji Sannu-sannu.

"Tana yi."

"Tana magana?"

"Tana kiran sunana."

"Shekarunta?"

"Tamanin da ɗaya."

"Jinin daga ina?"

"Goshi."

"Me za ka yi yanzu?"

"Ɗaukar ta mana, in kai ta gado. Uwata ce."

"Kada ka ɗaga ta."

Dariya ta ɗauke. Ɗan majalisa ya sauke tabarau daga goshi zuwa hanci, ya dubi mutumin da kyau.

"Haka mutumin naku ya ce mini. Wallahi haka ya ce."

"Ka ɗaga?"

"Ban ɗaga ba. Na dai zage shi."

"Ba komai. Me ya ce ka yi?"

"In sami tawul mai tsabta in danna a goshin. In rufa mata bargo. In buɗe ƙofar gida in dawo wurinta."

"Da mota ta iso, ka ajiye waya ko kana kai?"

Ɗan majalisa ya yi tunani. "Ina kai."

"To."

Ƙararrawa ta kaɗa. Sannu-sannu ya buɗe ido. Ga kwamiti, ga akawu, ga biro a hannunsa. Sai a lokacin ya gane abin da ya yi. An ba shi minti biyar ya roƙi majalisa, ya ƙarar da su yana yi wa ɗan majalisa tambayoyi.

"Ka kashe mu, Yaya," in ji Rediyo a hankali. "Ka binne mu da hannunka."

Ya fara miƙewa. Shugaban kwamiti ya ce, "Zauna. Lokacinka ya ƙare, nawa bai ƙare ba. Akwai abin da ban gane ba. In mutumin naku yana kan waya har mota ta iso, wa ya tura motar?"

Sannu-sannu ya kafa ido a kan teburi. Da teburi zai iya magana.

"Tun tambaya ta biyu mota ta tashi, ranka ya daɗe. Baki yana tambaya, hannu yana turawa. Sauran tambayoyin na riƙe mara lafiya ne har mota ta iso. Shi ma mai kiran a riƙe shi, kada ya yi ɓarna."

Mai tabarau ya gyara zama. Muryarsa ta sauka. "Likita ya ce ƙashin wuyanta ya tsage. Ya ce da na ciccibe ta, da wani labarin ake yi." Ya cire tabarau ya goge. "Tana nan. Jiya ma ta yi mini faɗa a kan ba na cin abinci a gida."

"A wace makaranta ake koya muku wannan?" in ji shugaba.

"Babu makaranta."

"To wanda ya ɗauki kiran abokinmu, wa ya koya masa?"

"In a ɗakinmu ne, ni."

"Kai kuma fa?"

Sannu-sannu ya juya biro a hannunsa.

"A shekarata ta biyu wani ya kira, ƙaninsa ya faɗo daga tsani. Ya ce ya ɗauke shi? Na ce ya ɗauka. Bai sake tafiya da ƙafarsa ba. A nan na koya." Ya ajiye biro. "Abin da muka zo nema ke nan, ranka ya daɗe. Na bayanmu su koya a aji. Kada su koya a kan ƙanin wani."

Rediyo ta saki gefen rigar.

Mai tabarau ya sake danna makirufo. "Ina da gyara a ƙudurin nan."

Rediyo ta sake kama rigar.

"An rubuta horo duk shekara biyu. A mayar da shi duk shekara, kamar na direbobi. Kuma a sa musu darasi a kan yadda ake jure zagi. In ba a sami malami ba, ni zan je in riƙa zagin su kyauta."

"Wannan darasin mun gama shi, ranka ya daɗe," in ji Rediyo daga baya, ba tare da an ba ta izini ba. "Digiri gare mu."

Shugaba ya buga teburi yana dariya, ya ce a ɗaga hannu. Hannu takwas suka tashi. Na taran ya ɗan tafi gyangyaɗi, na kusa da shi ya zungure shi, ya farka ya ɗaga biyu. Aka ce ƙuduri ya wuce, da gyaransa, zai shiga zauren majalisa bayan hutu.

Mutanen ɗakin kira suka fara tafi, akawu ya harare su suka daina. Sannan ya zo wurin Sannu-sannu ya ce doka ce a bar jawabin mai magana don a sa a kundi. Ya karɓi takardar, ya duba gaba, ya juya baya, ya tsaya.

"Ranka ya daɗe, gefe biyu ne. Wanne zan sa?"

"Me ke bayan?" in ji shugaba.

Akawu ya gyara murya ya karanta. "Banɗaki. Mace, tamanin da ɗaya. Tana numfashi, tana magana. Jini a goshi. Ɗanta yana ihu, ba ya saurare."

Wannan karon har wanda ya yi gyangyaɗi sai da ya riƙe ciki.

"Sa na bayan," in ji shugaba. "Na gaban ba mu ji shi ba."

Mai tabarau ya miƙe. "Na yarda, amma a goge layin ƙarshe. Kundin majalisa ne, jikokina za su karanta."

Sannu-sannu ya mayar da biro aljihu, ya miƙe, ya dube shi ido da ido.

"Ba a goge rahoton kira, ranka ya daɗe."