Kafaɗar Dabo

Karo na uku da kafaɗar Dabo ta goce, ba faɗuwa ya yi ba. Yana tsaye bayan shanunsa a wajen Batagarawa, ya gitta sanda a bayan wuya ya rataya hannuwa a kanta, yadda ya saba tun ƙuruciya. Wata karsana ta zabura, ya juya da sauri, sai ya ji ƙashin ya fita daga gurbinsa.

'Yarsa Kubura, da ke aure a unguwar Gobarau cikin birni, ta sa aka kawo shi asibiti. Aka mayar da ƙashin, aka rataye masa hannun a wuya. Bayan mako uku suka ga likitan gashin ƙashi, Malam Sagir.

"Baba, nuna mini yadda kake tsayuwa a wurin kiwo."

Dabo ya fara ɗaga hannun baya, likitan ya tare shi.

"A nan take fita. Abin da ke riƙe kafaɗar ya saki, sai mun ƙarfafa naman da ke kewaye da ita. Wata uku, ba kiwo."

Ya ba shi roba mai tsawo, ya ce a ɗaure ta a ƙofa. Ya ce Dabo ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari ya riƙa ja, safe da yamma.

Haka Dabo ya zauna gidan suruki, cikin ƙarar babura. Ba ya ƙirga jan robar da lamba. Kowane ja sai ya ambaci sunan saniya ɗaya, har ya zagaye garken.

Ran nan ƙanensa Haliru, wanda ya karɓi kiwon, ya bugo waya.

"Yaya, ciyawa ta ƙare. Jibi za mu yi kudu."

"Ku jira ni mana. Saura mako biyar."

"Shanun ba za su kai ba, sun fara ramewa."

Dabo ya ce, "Kai wayar kusa da su."

Ya daɗe yana sauraren numfashinsu da ƙarar kofato. Kubura ta kawo masa fura, ta tarar da shi haka, ta ajiye ta fita.

Da wata ukun suka cika, Malam Sagir ya murɗa hannun ta ko'ina, kafaɗar ba ta motsa daga gurbinta ba. Ya sallame shi.

Kubura ta ce, "Baba, ka zauna har damina mana. Ba kowa a can."

"Na sani," in ji shi. Washegari ya hau mota zuwa Batagarawa.