Iskar Ɗakin Inna Tanne

Bazarar bara ta ɗauke Dijatu, matata, ta bar mini uwarta. Ba a nemi shawarata ba.

Inna Tanne ta zo gidana a Filinge tun lokacin da ɗanta na ƙarshe ya rasu a ƙauyensu, can cikin Kurfai. Muka ba ta ɗan ɗakin da ke ƙarshen gida, inda da nake tara littattafai. Tun da na auri 'yarta ban taɓa yi mata magana fuska da fuska ba, ita ma haka. Ba faɗa muke ba. Suruka ce, kuma a wurinsu kunyar suruki ba abin wasa ba ce: ba na shiga ɗakinta, ba na ci a gabanta, in mun haɗu a tsakar gida kowa sai ya nemi abin kallo a ƙasa. Dijatu ce ke kai magana ta kawo. Da ta mutu sai muka koma kan akuya.

"Akuya," Inna za ta ce tana fuskantar turke, "ki gaya ma masu gida gero ya kusa ƙarewa."

Ni kuma daga zaure in ce, "Akuya, an ji."

Akuyar ta riƙe aikin da kyau. Ba ta ƙari, ba ta ragi, abin da ba zan faɗa a kan mutane da yawa ba.

Da zafin bana ya fara, ƙafafun Inna suka kumbura, numfashinta ya koma kamar na mai hawan dutse. Majo, babban ma'aikacin jinya na asibiti, ya auna ta, ya ja ni gefe ya ce zuciyar ta gaji. Ya tambayi irin ɗakin da take kwana. Na ce rufin kwano, taga ɗaya. Ya ce in ta ƙara bazara guda a ciki, ba za ta ga damina ba. Na gaya wa Basiratu, 'yata da ke aiki a Yamai. Ita ce ta ga yadda uwarta ta tafi, don haka ba ta tsaya dogon zance ba. Motar kasuwa ta sauke mana kwali biyu: kilim, injin sanyaya ɗaki, irin mai rabi a ɗaki rabi a waje.

Mamman, wani mai gyaran firiji ɗan Bonkuku, shi ya zo kafawa. Ya leƙa ɗakin ya fito yana dariya, ya kira ni da laƙabin da ake ba malaman boko a nan.

"Mushe, wanga ɗaki ne ko rumbu?"

"Ɗaki ne. Rumbu ya fi shi iska."

Gaskiya ya faɗa. Gado ya cinye rabi, kwallaye da akwati sun cinye sauran. Bango ɗaya na ƙofa ne, ɗaya na taga, ɗaya kuma haɗe yake da ɗakina. Saura na kan gado, wanda bayansa ke kallon wani ɗan lungu tsakaninmu da katangar maƙwabta, lungun da namiji ba ya shiga sai a karkace. A jikin bangon nan kuma kayan Inna suke rataye: baƙin zane, ɗan gatari mai ƙararrawa, da ƙwarya rufe da faifai a cikin ragaya. Inna 'yar bori ce tun tana budurwa. Tana salla in ta tuna, amma waɗannan ba ta taɓa manta su ba. Masu ɗaki take ce musu. Sauran duniya suna ce musu iskoki.

Na tsaya daga bakin ƙofa, inda iyakata take. Mamman ya cire takalmi ya hau gadon.

"Amaryata," ya ce mata, "yau na zo in raba ki da gumi. Kayan ga za su ɗan sauka ƙasa, taƙi guda kawai."

Inna tana zaune kan akwati. Ta ce, "Angon banza, mai zuwa hannu wohi. Kak ka taɓa. Ni ka saukad da su."

Ta tashi da kyar, ta yi musu 'yar magana ƙasa-ƙasa, ta mayar da su kan wata ƙusa. Mamman ya fara aiki. Bangon ƙasa ne, ba ya riƙe ƙusa mai nauyi. Duk inda ya murɗa sai ya zubo. Dole ya huda har waje, ya zura dogayen ƙarafa, ya je lungu ya ɗaure su da katako ta baya. Rufin ya yi ƙasa, kansa na bugun kwano yana zagin wanda ya gina ɗakin. Ni na gina shi. Sannan ya huda babban rami mai gangara zuwa waje, ya tura tiyo biyu na jan ƙarfe da na ruwa da waya, ya rataye farin akwatin injin a kan farantinsa, ya toshe gefen ramin da laka.

Na wajen ya fi ba shi wuya. Ya shiga lungun da shi a ka, ya fito gwiwar hannu a ƙuje.

"Wanga inji shina son wurin numfashi, Mushe. Nan zahin da shika hurawa zai bugi katanga shi komo. Kowa ya tsaya cikin lungun ga sai shi gasu."

"Wa zai tsaya a ciki?" na ce.

Da ya kunna, ɗakin ya ɗauki sanyi nan da nan. Har bakin ƙofa na ji shi a ƙafafuna. Inna ta ɗaga hannu ta tari abin da ke hurowa, ta daɗe a haka.

"Ina shika samo ta?" ta ce.

"Sabuwa ce, amaryata. Duk iskar da ke ɗakin ga, tsohuwar, sai shi zuƙe ta, shi hidda ta waje ta ramin can."

"Iskar ɗakin ga?"

"Ita hwa."

"Duka?"

"Duka. Ba shi barin ko kaɗan."

Na koyar da wannan a kolej shekaru masu yawa. Injin ba ya fitar da iska. Zafi kawai yake ɗauka ya kai waje. Iskar ɗaki tana nan inda take, juya ta yake yi. Na kuma ji abin da Inna ta ji a cikin kalmar, don na ga ta waiwaya ta dubi ƙwaryarta. Gyaran bai fi jimla biyu ba. Amma zancen tsakaninta da baƙo ne, a cikin ɗakinta, suruki ba ya tsoma baki. Na juya ina neman akuya, an kai ta kiwo. Kafin in ja Mamman gefe ya riga ya miƙa mata telekomand, ɗan abin sarrafa injin daga nesa, yana nuna mata maɓallin kunnawa, yana cewa sadakinta ke nan.

Da la'asar na ga ƙofar ɗakin a buɗe, sanyi na zuba a banza. Inna ba ta ciki. Na same ta a lungu. Ta shimfiɗa buhu, ta zauna a karkace tsakanin bango da katanga, gaban injin waje, zafinsa na dukan ta a fuska. Ta rataye zanen da gatarin a jikin katakon Mamman, ƙwaryar na kan cinyarta. Tiyon ruwa na ɗiga kusa da ƙafarta.

Akuya ta dawo. Na tsaya kusa da turke na ɗaga murya, na yi mata darasi cikakke a kan zafi da sanyi da abin da ke gudana a cikin jan ƙarfe. Ban taɓa samun ɗalibar da ta saurara haka ba.

Daga lungu Inna ta ce, "Akuya, gaya ma mai gida na gode da karatu. Ga su nan suna hitowa da hushi, kowa na jin zahinsu. Ga hawayensu na zuba. Tun ina ɗiya suke tare da ni. Inda anka koro su, nan nika zama."

Na je na kashe injin daga kontar, wato mitar wutar gidan. Na sa rai za ta koma. Ba ta koma ba. Ta ce an fitar da su, ba a mayar da su ba, kuma wanda aka kora ta rami ba ya komawa ta ƙofa. Basiratu ta kira, na ba Ummul maƙwabciyarmu wayar ta kai mata. Ina jin muryar yarinyar tana kuka, tana rantsuwa. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ke kin yi karatun lakwal, ɗiyata," ta mayar da wayar.

Ta kwana a can, ta yini. Ko babu inji, lungun tanda ce: da rana ta hau, bango biyu na mayar da wuta. Ummul na kai mata fura, tana dawowa da ita. Leɓunanta suka tsage.

Na kira Mamman. Da ya ji abin da ya faru ya daina dariya, ya zo ya durƙusa a bakin lungun.

"Inna, ƙarya na yi. Wallahi ba shi hidda komi."

"Jiya ka yi ƙarya ko yau?" ta ce.

Ya dawo zaure ya zauna yana murza hula. Can ya ce, "Mushe, irin wanga shina juyawa. Lokacin ɗari shika ɗauko daga waje shi kai ciki."

"Me yake kaiwa?"

"Zahi."

Muka dubi juna. Na ce ya juya shi.

Injin ya ƙi. Ɗakin ya riga ya fi iyakar zafin da aka rubuta masa, bai ga dalilin ƙarawa ba. A gidan nan shi kaɗai ya nuna hankali. Dole muka rufe ƙofa, muka sanyaya ɗakin tukuna, Inna na shan wutarsa a lungu, ni ina tsaye ina jin tarinta. Sannan Mamman ya danna alamar rana. Injin ya yi shiru, ya yi wani ƙara kamar mai haɗiyar ruwa, ya tashi. A lungu abin da ke hurowa ya koma sanyi.

Na ce, "Akuya, a gaya wa masu lungu an juya inji. Abin da ya fitar yana mayarwa."

Sai aka ji ƙararrawar gatari. Inna ta fito tana dafa bango, Ummul ta riƙe ta. Ta shiga ɗakin, ta tsaya ƙarƙashin farin akwatin, zafi na zubo mata a ka kamar daga bakin maƙera. Ta rufe ido.

"Sannunku da zuwa," ta ce. "Sannunku. Ku yi haƙuri, ba da sanina ba."

Shirina shi ne in ta kwanta mu mayar da shi kan sanyi, mu ce mata yanzu ya san su, ba zai taɓa su ba. Inna ta riga ni. Ta karɓi telekomand daga hannun Mamman, ta kashe da maɓallin da ya koya mata, ta ɗaga faifai ta jefa shi cikin ƙwarya. Ta sa Ummul ta lulluɓe injin da baƙin zanen. Ta ce a rufe taga, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Sun sha wuya, in ji ta, ba ta son su sake ganin hanya.

Mamman ya ce akwai wani ɗan maɓalli a jikin injin, ƙarƙashin murfi. Sai dai a shiga, a hau gadonta, a ɗaga zanen. Shi ta hana shi ƙofar. Ummul ta ce ita mai salla ce, ba ta yarda da waɗannan abubuwa ba, kuma ba za ta taɓa zanen ba ko za a yanka ta.

Washegari bayan azahar kwanon rufin na ƙara don zafi. Na je bakin ƙofar na tsaya. Ba motsi.

"Inna," na ce.

Kalmar ta yi mini nauyi a baki. Na sake faɗa. Sannan na tura ƙofar na shiga. Ɗakin ya fi yadda na tuna shi ƙanƙanta. Tana kwance, bakinta a buɗe, jikinta ya bushe, babu ko gumi. Na sa hannu na ɗauke ta. Ba ta fi damin kara nauyi ba. Ta buɗe ido ta ga ko wane ne. Da ɗan ƙarfin da ya rage mata ta jawo bakin zanenta ta rufe fuska. A haka na fito da ita, a haka aka sa ta a mota. Majo ya yi abin da zai iya. Kafin magariba ta cika.

Aka dawo da ita ɗakinta. Danginta na ƙauye suka aiko cewa kada a rufe ta sai sun iso, akwai abin da za su yi mata irin nasu, kuma hanyar ba ta biyuwa sai da safe. Matan unguwa suka cika tsakar gida. Ummul ta fito daga ɗakin tana fifita da gyale, ta durƙusa gefena.

"Mushe, zahin ga ba shi barin ta har gobe. Ko za ka kunna muna abin nan?"

"Telekomand na cikin ƙwarya."

Ta dubi sauran matan. Kowacce ta sami abin kallo a wani wuri.

Na shiga. Na sauke zanen na ninke shi, na ɗaga faifan. 'Yan wuri ne a ciki, da busasshen goro, da zoben ƙarfe, telekomand na kwance a kansu. Na mayar da shi kan alamar sanyi na danna. Mamman ya iya aikinsa. Ko ɗigo bai zubo ta ciki ba. Kafin a kira isha'i matan da ke zaune da ita suka aiko a kawo musu mayafai.