Laraba Shida a Kan Gadon Koyarwa

A barandar asibiti muka ƙulla maganar da likitan da ke sa mutane barci kafin tiyata. Ya ce ramamme yake nema irina, wanda kitse bai rufe masa komai ba, ɗalibansa su koyi ganin jijiyar cinya a na'urar hoto. Na ce ni kuma wata goma sha ɗaya ke nan ina bin layin aikin gwiwa. Muka tsaya a kan Laraba shida: in kwanta musu, shi kuma ya sa baki a matso da sunana.

Matata ta ce da tsufana zan je yara su yi ta kallon matsematsina. Na ce ai ba abin da ya rage a wurin sai tarihi.

Kwanciyar ba wuya, sai gajiya. A shafa mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar daidai inda cinya ta haɗu da mara. Baƙar da'irar da ke bugawa a hoton hanyar jini ce mai sauka ƙafa. Ta ciki da ita kuwa, mai mayar da jinin sama, in an danna sai ta lotse. Abin da suke nema, wato jijiyar da ke ɗaukar zafi, yana ta waje: ɗan fari-fari mai ɗigo-ɗigo kamar saƙar zuma, kwance kan tsoka ƙarƙashin wani siririn farin layi. Nan ake zuba maganin da ke kashe zafin ƙafa. Kafin Laraba ta huɗu ni nake ce musu, "Matsa waje kaɗan, 'yata, kin wuce ta."

Ran ta shida wata ɗaliba ta daɗe ba ta ɗaga na'urar daga cinyata ba. Ta kira malaminsu, likitan nan, ta nuna masa da'irar, ba jijiyar ba. Ya karɓi na'urar ya bi ta har tsakiyar cinya, ya tambaye ni shekara nawa na yi ina shan taba. Na faɗa masa, sai ya ce:

"Baba, hanyar jinin nan ta kusa toshewa. Ba mai taɓa gwiwarka sai an gyara ta."

Ya cika alkawari, an matso da sunana, aka kuma soke shi a ranar. Aka ba ni takarda zuwa wani layin a hawa na uku, inda babu wanda na sani.

Ɗaliban sun ci riba, sun zo ganin abu ɗaya sun ga biyu. Likita bai yi asarar komai ba. Matata ta ce ni ma na ci, tunda ƙafar za ta tsira. Wataƙila. Gwiwa dai ita ta faɗi, kuma da ita nake hawa matakalan nan.